Injin Iskar da Na Zaɓa da Ido

Ba a rufa wata guda wani matashi bai zo rumfata ya miƙo min waya ba. "Baba Sale, duba min wannan injin, ina so in buɗe wajen faci." In na karɓa na nisanta ta da idona, hoton kusan iri ɗaya ne kullum: tanki ƙato, jan fenti sai sheƙi yake, kamar za a kai shi gidan biki. Sai in tambaye shi su wa zai riƙa ba iskar. Ya ce, "Kowa da kowa mana, Baba. Ai iska ce, ka sa tiyo ka danna." To ku samu wuri ku zauna, ku masu ganin iska ce kawai. Ni ban yi boko mai nisa ba, tafiya ma ba ta dame ni ba. Kano sau biyu na taɓa zuwa, duka biyun kuma a ɗakina na unguwar Dogo Tebo, nan Potiskum, na kwana. Amma na fi shekara talatin ina sauraron taya, kuma na taɓa sayen inji irin na hotonku.

Tayar farko da na ba iska ta wata tsohuwar a-kori-kura ce mai ɗauko gero, da famfon hannu kuwa. Maigidana Malam Ɗanjuma, wanda fatauci ya kawo iyayensa daga Kano suka zauna nan Potiskum, yana kan benci yana cin goro, ya ce in riƙa ƙirgawa. Na kai ɗari biyu, kafaɗa ta mutu, na ce ta yi. Bai ko tashi ba. Ya miƙo min liba, wato ƙarfen da muke ɓamɓare taya daga wili, ya ce, "Buga mata." Na buga. Ya ce, "Me ta ce?" Na ce ni ban ji ta ce komai ba. Ya ce, "Bub ta ce. Wadda ta ƙoshi tin take cewa. Ci gaba." Yana da geji, ma'aunin iska, a aljihu, amma sai da na shekara biyu kafin ya bari na taɓa shi. A cewarsa geji yana faɗuwa a yashi ya koma yin ƙarya, kunne kuwa yana manne da kai. Daga baya ya haɗa inji: kan iska na tsohuwar babbar mota, wato famfon da yake cika mata iskar birki, injin markaɗe yana juya shi da bel, tankin kuma tukunyar gas ce da mai walda ya huda. Muni kam ba a magana. Da tsufa ya zaunar da shi, ya bar min injin da rumfar, a bakin titin Fika, daidai inda wata hanyar yashi take rabuwa da kwalta ta nufi ƙauyukan daji.

Wannan mahaɗar ita ce abincinmu. Motar daji ba ta shiga yashi da taya mai tauri, don tonawa za ta yi ta zauna. Sai an rage mata iska ta baje kamar tafin raƙumi, sannan ta bi ta kan rairayi ta wuce. Amma in ta fito kwalta da wannan laushin da lodi a kanta, tayar ɗaukar zafi take yi har ta fashe. Saboda haka direbobin daji sau biyu suke tsayawa wurinmu. Ranar Talata da yamma in za su shiga, mu rage. Ranar Laraba da sassafe in sun fito da kayan kasuwa, mu mayar. Ragewa ba a biya. Da tsinken ashana nake danna bawul, ina jin sautin fitar iskar, ina kallon cikin tayar yana sauka. Kuma akwai al'adar da muka tarar, ba wanda ya rubuta ta: hannun da ya rage, shi yake mayarwa. Ba son kai ba ne. Wanda ya rage shi ya san wace taya ce mai tsohon faci, wacce za ta ɗauki arba'in da biyar a geji, wacce kuma in ta wuce talatin da biyar an shiga uku. A tsallaken titi akwai wani mai faci, Ya'u, shi ma da nasa direbobin. Muna gaisawa, amma nasa ba sa zuwa wurina, nawa ba sa zuwa wurinsa.

Tayar baya ta hagu ta motar Yaya Gimba ita ce na fi sani a duniya. Kututture ya taɓa yaga ta a gefe, na yanko gefen wata tsohuwar taya na shimfiɗa mata daga ciki, tun daga nan take shan iska ƙasa da 'yan'uwanta. Gimba mutumin Karai-Karai ne, ya girme ni da kusan shekara goma, tun zamanin Malam Ɗanjuma yake tsayawa a rumfar. Ƙauyen da yake kwana shi ne mafi nisa, don haka kullum shi ne na ƙarshen fitowa, na shida a layi. Fasinjojinsa mata ne masu nono da man shanu, da maza masu akuya ɗaya biyu. Irin mutanen da in ba su shiga kasuwa da sanyin safiya ba, sai dai su sayar yadda mai saye ya ga dama.

Shekarar da nake kira muguwar shekara ita ce wadda injin Malam Ɗanjuma ya gaji. Ya fara tofar da baƙin mai cikin tiyo, tankin kuma yana yoyo ta wajen walda. Bakanike ya buɗe kan, ya ce irin ringinsa sai dai a lahira. Na tattara abin da nake da shi na nufi shagon Alhaji Tijjani mai injuna a cikin gari. Biyu ya nuna min. Ɗaya sabo, jan tanki mai tsawon mutum kwance, da ɗan kai guda a samansa kamar hula. Ɗayan na hannu ne, fenti ya ɓaɓɓake, tankin bai wuce randa ba, amma kansa mai fistan biyu ne.

Alhaji ya ce, "Malam Sale, kai da ake cewa kana jin numfashin taya, ka saurare su mana duka biyun."

Na ce, "Alhaji, wancan ai ƙanin na gida ne. Shekara ashirin ina zaune da mummuna, na gaji."

Ya ce, "To a gwada maka jan."

Tankin a cike yake tun safe. Aka sace iskar tayar motar Alhaji guda ɗaya, na sa tiyo, kafin in gyara tsuguno ta cika. Ban taɓa ganin haka ba. Ban ce a sace ta biyu ba, balle ta goma. Ban ce a bar injin ya yi zafi in ji muryarsa ba. Gaskiyar magana, tun daga bakin ƙofa na riga na hango shi a rumfata yana kallon rumfar Ya'u. Aka ɗora min shi a mota na tafi da shi kamar amarya.

Abin da ban tsaya na tuna ba, kuma na san shi sarai, shi ne tanki rumbu ne, kai shi ne gona. Rumbu komai girmansa, in gonar 'yar ƙarama ce, baƙi uku za su ga ƙasansa. Mai ba babur da keke iska, ko motar gida ɗaya a awa, rumbun ya ishe shi, don kafin wani ya zo ya sake cika. Ni kuwa mota shida ce take fito min a jere, taya ashirin da huɗu, manya, kowacce rabin cikinta babu komai.

Larabar farko motar farko ta sha iska kamar wasa, direban har da tafa min. Ta biyu ma haka. A ta uku allurar geji ta fara sunkuyawa. A ta huɗu tankin ya zama fanko, sai abin da ɗan kan nan ya tura kai tsaye, yana haki kamar tsohon jaki a hawa. Na ji muryarsa ta sauya, ta koma sirara da ƙarfe-ƙarfe, na taɓa shi na janye hannu. Dole na kashe, na jiƙa tsumma na ɗora masa, muka zauna muna kallonsa. Kafin a zo kan Gimba rana ta take. Ya'u kuwa tuni ya sallami nasa, yana zaune yana shan shayi, tiyonsa a nannaɗe.

Wata dattijuwar Bafulatana da ake kira Dada, mai ƙwarya uku ta nono, ta sauko daga bayan motar Gimba ta zagaya injin sau ɗaya, ta ce, "Mai faci, wannan naka irin mijina ne. Ciki gaba, numfashi babu."

Aka yi ta dariya, har da ni. Sai ta ce, "Ka yi dariyarka. Nonona ne zai yi tsami, ba naka ba."

Na gwada duk dabarar da na sani. Na riƙa zuwa tun asuba in cika tankin. Na rage wa na farko kaɗan don na baya su samu, wanda ba daidai ba ne. Na sa rumfar kara a kan injin. Duk da haka Gimba ba ya barin wurina sai hantsi ya dubi ludayi. A Laraba ta uku na ja shi gefe na ce, "Yaya Gimba, ka tsallaka wurin Ya'u. Ni na ce ka je, ba zan ji komai ba."

Ya dube ni da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Mota na bai taɓa tsallakawa ba. Kai ka rage, kai za ka mayar. In na je can, gobe a tasha za a ce Sale ya ƙare, Gimba ma ya gudu."

Na ce, "Fasinjojinka fa?"

Ya ce, "Su yi haƙuri."

Ba su yi ba, kuma ba laifinsu. Masu akuya suka fara takowa da ƙafa zuwa ƙauyen gaba don su hau motar da take riga tasa fitowa. Mata biyu masu man shanu suka koma motar wani direban Ya'u. Motar da a da sai an hau kan buhuna, na fara hango ƙasan bodinta daga inda nake tsugune. Gimba mutum ne mai iyali goma sha, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan sitiyarin. Duk da haka yakan zauna kan benci ya ciro goro ya raba mana.

Larabar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta shida ko ta bakwai. Ina kan mota ta huɗu, injin na hutawa da tsummansa, sai ga Gimba ya fito daga yashi. Fasinjojin da suka rage masa suka fara magana tun kafin ya taka birki. Na ga ya dubi layi, ya dubi rumfar Ya'u, ya ɗago min hannu, sai kawai ya hau kwalta ya miƙe gari da tayoyinsa a kwance. Ya zaɓi ya tafi a haka da ya tsallaka a gabana. Na san sautin taya mai laushi a kan kwalta, wani lab-lab-lab take yi kamar mai tafiya da silifas, na bi shi da kunne har ya ɓace. Bai kai unguwar Yindiski ba ta bayan hagu ta tashi. Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya, ba wanda ya ji ciwo, sai ƙwaryar Dada ɗaya da ta kife. Tayar kuwa ko igiyar guga ba za ta yi ba.

Washegari na koma wurin Alhaji Tijjani. Ya ce abin da aka yi wata biyu ana gasawa ba ya komawa shago, mummunan kuma wani daga Fika ya ɗauke shi. Amma ya ba ni shawarar da ta fi kuɗi. Ya ce, "Tankinka ba shi da laifi. Jefar da hular, ka nemo masa kai. Garin nan da tirela ta fi jaki yawa, kan iska zai gagare ka?"

Na tafi garejin manyan motoci, wurin masu sayar da kayan da aka kwance. Suka fito min da kai uku. Wannan karon na zo da tabarmata. Na ce kowanne a ɗaura shi a inji a tayar, a haɗa da tanki, sannan a buɗe famfon tankin iska tana fita kamar ana ba taya. Nan ne ake gane inji: iska na fita, allura ta tsaya ko ta sunkuya? Kuma ba a yanke hukunci yana sanyi, don kowane inji mutumin kirki ne a minti biyar na farko. Na farkon da ya yi zafi sai na ji wani siririn tsaki tsakanin bugu da bugu, yana mayar da rabin abin da ya tura. Na biyun muryarsa lafiya, amma da na kara farin ƙyalle a bakinsa sai ga ɗigon mai, kuma mai in ya shiga tib ɗin taya cinye shi yake yi. Na ukun duk ya fi su muni, har da kunne ɗaya a karye. Na zauna kusa da shi daga azahar har la'asar. Yadda ya fara dum-dum, dum-dum, haka ya gama. Mai kayan ya ce, "Baba, kai saye ka zo ko zance?" Na ce, "Wancan da ban yi zance da shi ba ai ga inda ya kai ni." Kafin in biya sai da na tabbatar ana samun ringinsa da bawul ɗinsa a nan cikin gari, ba sai an aika Kano ba. Na kuma san ƙaramin injin da ya zo da jan tankin ba zai iya juya shi ba, sai an nemo babba. Na sa mai walda ya ƙara min famfo a gindin tankin don tsiyaye ruwan da yake taruwa, wanda masu sayarwa ba sa gaya muku.

Shi ne wanda kuke ji yana bugawa a rumfata har yau. Yanzu aikin ya ragu. An zuba tsakuwa a rabin hanyar, direbobi da yawa kuma suna yawo da ɗan inji mai aiki da batir a ƙarƙashin kujera. Ban raina shi ba, a tsakiyar daji ya fi babu, taya ɗaya ya huta, taya ɗaya ya huta. Amma mai shi yakan rage da kansa ya mayar da kansa, ya wuce ka da hon ko gaisuwa babu. A da kuwa Talata da yamma bencina ba ya ɗaukar mutane, a nan ake jin wa ya yi aure a daji, ina aka yi ruwa, wane rafi ne ya cika.

Sai dai a wancan lokacin mai walda ya ce aikin ɗora kan zai ci kwana tara, kuma akwai Laraba a tsakiya. Talatar na rage wa duka shidan kamar kullum, har da Gimba da tayar aro a bayan hagu. Ba wanda ya tambaye ni da me zan mayar, alhali suna ganin inda injin yake zama wayam. Laraba da na idar da sallar asuba na ɗauki libata da gejina, na zo rumfata, na tsaya. Tsakanina da Ya'u taku ashirin ne, amma shekara goma sha ban taɓa zama a bencinsa ba. Na tsallaka.

Na ce, "Malam Ya'u, an tashi lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam Sale. Yau amaryar ba ta fito ba?"

Na ce, "Tana wurin mai walda. Aron tiyo na zo. Mutanena za su fito, ina so in mayar musu da hannuna, in ka yarda."

Ya juya shayinsa. Sannan ya ce, "Iskar ai ba tawa ba ce, ni ma a nan sararin nake zuƙo ta. Man ne nawa. Ka zuba naka, ka bari in sallami nawa uku, sauran safiyar taka ce."

Haka aka yi. Nawa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, in ɗaga musu hannu daga tsallake, su yi turus, sannan su karyo kan mota. Injin Ya'u bai ko sauya murya ba. Can sai ga Gimba, da mutum huɗu kacal a baya. Ya tsaya a gaban rumfata da babu kowa, ya leƙo, ya gan ni riƙe da tiyon Ya'u. Na taka har tsakiyar titi na ce, "Yaya Gimba, kawo ta nan."

Ya ce, "Wa zai sa?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Injin fa?"

Na ce, "Na Malam Ya'u ne. Hannun nawa ne."

Ya dubi Ya'u, Ya'u ya ɗaga masa kofin shayi. Sai ya sa giya ya tsallako. Na bi tayoyin huɗu, na bar ta aron ƙasa kaɗan don ban san halinta ba, na buga wa kowacce liba na ji amsarta. Ko sauka fasinjojin ba su yi ba. Ya tayar da mota rana ba ta gama fitowa daga bayan bishiyoyi ba, ranar kuma ya sauke mutanensa a bakin kasuwa masu shago suna kan share ƙofa.